Layi Uku na Alli

Mutanen da ke cikin wannan labari su biyar ne. Akwai Auta, ɗalibar ajin ƙarshe a jami'a, mai neman digirin farko a fannin ƙera injuna. Akwai Inna, mahaifiyarta. Akwai saurayin Auta kuma abokin karatunta, wanda 'yan ajinsu suka laƙaba wa Sarkin Tsafta, domin ko sifana ya ara sai ya wanke ta kafin ya mayar. Akwai Farfesa, mai duba aikinsu. Na biyar shi ne Mai Alli, mahaifin Auta, wanda ya shekara biyu da rasuwa, amma ba ya fita daga lissafin.

"Auta, wa ya shiga shagon babanki?"

"Babu kowa, Inna. Ai makullin yana ƙarƙashin matashinki."

"To mene ne yake ƙwanƙwasawa?"

"Kwanon rufi ne... In rana ta take, ƙarfe yakan buɗe, sai ya yi ƙara. Tun a aji ɗaya aka koya mana."

"Kwano ya iya ƙirga uku? Shekara biyu rana tana dukan kwanon nan, bai taɓa buɗe baki ba sai makon nan!"

Kafin Auta ta sami amsa, sai suka ji bugun ta bangon da ya raba falonsu da shagon.

Ƙwas... ƙwas... sai ɗan shiru... ƙwas.

Tsakar rana ce, babu iska, ko labule bai motsa ba. Auta ta san wannan ɗan shirun da ke tsakanin bugu na biyu da na uku. A nan ne babanta yake kara kunne.

Mai Alli makaniken injin niƙa ne. A jikin irin wannan inji akwai wani babban faifan ƙarfe mai nauyi, wanda yake riƙe masa juyawa. Tun yana saurayi wani faifai ya tarwatse a gabansa, ya tafi da yatsunsa biyu. Daga ranar bai sake ɗaura faifai ba sai ya rataye shi, ya buga sau uku da 'yar guduma, ya saurara. Mai lafiya yakan yi amo kamar ƙararrawa. Mai tsaga a ciki amonsa a dishe yake, sai ya zaro alli daga bayan kunnensa ya ja masa layi uku. Ba ya sayar da irinsu, ba ya zubarwa, don kada wani ya tsinta ya ɗaura.

Da ya rasu, Inna ta kulle shagon, ta sa Auta ta yi mata alkawari ba za a taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Ta kuma gindaya sharaɗi: babu maganar aure sai digiri ya zo hannu.

Abin da Inna ba ta sani ba shi ne, Auta ta karya alkawarin. Aikin kammala karatunsu, ita da Sarkin Tsafta, ƙaramin injin niƙa ne, kuma komai ya haɗu sai faifai. Ranar da Inna ta tafi dubiya asibiti, Auta ta ɗauko makullin. Amma da ta buɗe ƙofa, warin giris da rigar aikin babanta a rataye suka tare ta, ƙafarta ta ƙi shiga.

"Shiga kai," ta ce wa Sarkin Tsafta da ya rako ta, idonta cike da ƙwalla. "Fayafayan suna nan jingine a bango. Zaɓo ɗaya, ni ba zan iya kallo ba."

Ya shiga, ya naɗo ɗaya a buhu, ya tafi da shi. Bayan kwana biyu ya kira ta ɗakin injuna na makaranta, ya yaye buhun.

"Autata, duba! Na kankare tsatsa, na wanke da fetur, na shafa fenti hawa biyu."

"Kai dai ba za ka canza ba! Faifai ne ko ango?"

"Kayan surukina ne, rabin raina. Zan bari Farfesa ya gan shi da datti?"

Ta yi dariya, ta shafa koren fentin. A ranar ne aka fara ƙwanƙwasawa a gida.

Kwana tara ana yi, kullum da tsakar rana. Inna ta daina cin abincin kirki, ta koma zaman jingina da bangon nan.

"Yana da magana, Auta," take cewa. "Babanki bai taɓa buga ƙarfe a banza ba."

Ranar gwaji ta zo. An ajiye injin a tsakiyar ɗakin injuna, ɗalibai sun kewaye shi. Farfesa ya zauna da takardunsu, ya duba lissafin nauyi da na gudu shafi bayan shafi, ya gyaɗa kai.

"Lissafi ya yi. Saura mu ga ko ƙarfe ya yarda da takarda. Ku tayar."

Sarkin Tsafta ya naɗe hannun riga, ya durƙusa ya kama hannun tayarwa. Fuskarsa ba ta fi taƙi biyu daga faifan ba. Ya ɗago ya kashe wa Auta ido.

Ƙwas... ƙwas...

Auta ta waiga. Babu mai guduma a hannu. Gidansu kuwa tafiyar awa guda ce a mota. Ta dubi fuskokin mutane, babu wanda ya nuna ya ji komai. Shirun ya yi tsawo.

Ƙwas.

"Tsaya!"

Kowa ya juyo. Ta durƙusa kusa da Sarkin Tsafta.

"Masoyina, faɗa mini gaskiya. Da ka ɗauko faifan nan, akwai wani abu a jikinsa?"

"Tsatsa ce kawai, da ƙura... sai wasu layuka na alli."

"Nawa?"

"Uku. Na wanke su tas. Me ya faru? Auta, me ya sa kike kallona haka?"

Farfesa ya buga biro a tebur. "'Yan nan, hirar soyayya sai an tashi. Akwai mutum takwas a bayanku."

"Ranka ya daɗe, ba za mu tayar ba."

"Kin san abin da kike faɗa? Injin da bai tashi ba, babu maki. Zama na gaba kuwa sai baɗi."

Sarkin Tsafta ya yi ƙasa da murya. "Auta, ki rufa mana asiri! Shekara guda fa... da aurenmu a ciki! Minti biyu kawai zai juya. Na duba shi ciki da waje, ko ƙwarzane babu."

"Ka duba da ido. Babana da kunne yake dubawa."

"Don Allah..."

"Na fi son in jira ka shekara da in yi ta kuka a kanka har abada!"

Ta miƙe ta kwance belin injin, ta ɗauki sifana ta bugi gefen faifan sau uku. Amon ya fito a dishe, kamar an bugi tsohuwar randa.

"Kunne ba hujja ba ne a wannan ɗaki," in ji Farfesa, amma ya riga ya taso daga kujera.

"To a ba ni kananzir, da allin allon can."

Ta kankare fentin daga tsakiyar faifan zuwa baki, ta zuba kananzir, ta bari ya jiƙa, ta goge shi ƙarƙaf. Sannan ta murje alli ta shafe wurin har ya yi fari fat, kamar yadda ta sha ganin babanta yana yi wa masu gardama. Ta sake bugawa. Kowa ya matso kusa.

A hankali wani siririn layi mai duhu ya fara fitowa a cikin farin allin, kamar wani ne yake jan sa da hannu daga ciki. Kananzir ɗin da ya ɓuya a tsagar ne yake dawowa. Layin ya taso daga ramin tsakiya, ya miƙe har kusa da baki, daidai inda goshin Sarkin Tsafta yake ɗazu.

Ya zauna a ƙasa cikin baƙin mai, bai ko kula da farin wandonsa ba.

Farfesa ya daɗe yana kallo. "Wa ya koya miki wannan?"

"Babana, ranka ya daɗe. Bai yi boko ba."

"Doka ba ta ba ni ikon ba ku maki ba. Sai baɗi." Ya cire tabarau ya goge. "Amma baɗi, ke za ki fara nuna wa 'yan aji ɗaya wannan kafin su taɓa inji."

Da yamma suka kai faifan gida su biyu. Suka durƙusa gaban Inna, Auta ta faɗi komai, tun daga satar makulli.

"Laifina ne, Inna," in ji Sarkin Tsafta. "Ni na goge rubutun Baba."

Inna ta tashi ta ɗauko makullin, ta buɗe shagon da hannunta. Guntun alli yana nan a kan tebur inda mai shi ya bar shi. Ta miƙa wa saurayin.

"Kai ka goge, kai za ka mayar."

Ya ja layi uku, ya jingine faifan a gurbinsa.

Washegari da tsakar rana su uku suka zauna a falo, kowa ya zuba wa bangon ido. Rana ta take, ta gota, har inuwa ta juya. Ba a ƙwanƙwasa ba.

Sai Inna ta fashe da kuka.

"Inna, ai shi ke nan, ya daina..."

"Shi ne nake wa kuka, 'yar nan. Kwana tara ina jin motsinsa a gidan nan."

Ta share hawaye da gefen mayafi, ta kamo hannun Sarkin Tsafta ta danƙa masa makullin.

"Ka riƙa buɗewa kuna aikinku, ɗana. Sharaɗin digiri kuwa na janye, ka turo manyanka. Abu ɗaya na hana ka: ka share ƙasa, ka wanke tebur in ka ga dama, amma duk inda ka ga alli, ka ɗauke hannunka."

Iyakar abin da na sani ke nan. Ilmin injuna ba fagena ba ne, alƙalami ma da furfura na kama shi. Wanda ya ga na karkace a sunan wani ƙarfe ko a jeren magana, ya taimaka ya miƙe mini, Allah ya saka masa da alheri.