Waƙar da Ba a Sa wa Kiɗa

A taron makaɗa na ƙauyensu, can cikin duwatsun Kentucky, Junie ta fara ganin Arlis. Ya jona banjo, wani irin molo, da kwamfuta yana kaɗawa, tsofaffi na ta harararsa.

"Wannan kiɗa ne ko gyaran rediyo?" Junie ta ce, gogenta a hannu.

"Kawo gogenki ki gyara min mana."

Shi ke nan, soyayya ta ƙullu.

Bara mahaifiyar Junie ta rasu. Ita ce gwanar tsofaffin waƙoƙin cocinsu, waɗanda ake rerawa da murya zalla, ba a taɓa sa musu kiɗa. Arlis, garin neman burgewa, ya ari kaset ɗin waƙoƙin marigayiyar, ya shimfiɗa ganga da banjo a ƙarƙashin muryar. Ranar da ya zo neman aure ya kunna a falo.

Muryar ta cika ɗakin, har da ɗan numfashin da take ja tsakanin baiti. Tsigar jikin Junie ta tashi, ta waiwayi ƙofar kicin kamar Mama za ta fito.

Mahaifinta, Baba Verlon, ya ajiye kofinsa. "Matata na kwance, ka taso ta ka sa ta rawa? Fita min daga gida!"

Junie ta sha kuka. Ta rasa uwa, ga shi za ta rasa Arlis. Sai saƙonsa ya shigo: "Junie tawa, na cire kiɗan, na bar ta ita kaɗai. Ki yafe min."

Ta amsa: "Sakaraina. Ka zo ranar gyaran kaburbura. Hannu rabbana za ka zo, ba banjo ba kwamfuta."

Ranar, dangi suka share kaburbura, suka jera furanni. A al'adarsu, dattijo ke ba da baitin waƙa, jama'a su amsa a hankali. Baba Verlon ya ja na farko a kan kabarin matarsa, na biyu ya gagare shi.

Daga can baya Arlis ya ɗauka. Muryarsa na rawa, ba daɗi, amma bai kuskure kalma ba, don ya haddace waƙar daga kaset ɗin Mama. Jama'a suka amsa.

Tsohon bai waiwaya ba sai da aka gama.

"Muryarka kamar ta akuya," ya ce yana share ido. "Matso gaban kabarin, ta ga wanda zai auri 'yarta. Allah ya yi muku albarka."