Kada Ki Hwaɗa Mishi

"Malam, ka dube ni mana! Akwatin nan ya hi ni ne?"

Dalhatu ya ajiye rigar da yake ninkewa, ya juyo. Hure na tsaye a bakin ƙofa, idanunta sun yi jawur.

"Hurena, wata biyu ne kacal. In yi magana Landan, in yi Jamus, in dawo."

"Maganar da ta sa anka kwashe littahinka daga kasuwa, ita za ka kai ma Turawa? Can su yi maka taɓi, mu nan wa za ya tsaya muna?"

Dalhatu malamin sakandare ne a Gummi. Ya rubuta ɗan littafi kan manoman bakin gulbi da masu ƙarfi suka ƙwace wa fadama, sai ga soja sun hau mulki, an soma ɗaure 'yan jarida. A lokacin ne wata ƙungiyar marubuta ta Ingila ta gayyace shi ya zagaya jami'o'i yana lacca kan 'yancin faɗar albarkacin baki.

Ya kama hannunta. "In kowa ya yi shiru, wa za ya hwaɗi? Ga tsohuwata Inna nan, amana na bar miki, hasken idona."

Ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo mata.

Bai yi wata guda da tafiya ba suka ji muryarsa a rediyo da hantsi, yana kiran sunan zalunci ba kwana-kwana. Inna ta matso da kunnenta, tana murmushi. Hure kuwa ta yi sauri ta rage sautin, kada maƙwabta su ji.

Ba a jima ba wasu mutum uku cikin farin kaya suka zo, suka birkice ɗakinsa, suka kwashe takardu. Babbansu ya ce, "Ki gaya wa mijinki muna jiransa a filin jirgin Kano."

Wata biyu ya zama shekara. Dalhatu na ta yawo daga wannan gari zuwa wancan, yana aiko da kaset ɗin muryarsa ta hannun ƙanin Felicia, maƙwabciyarsu ma'aikaciyar asibiti, wanda ke karatu a can.

Sai Inna ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi zama. Felicia ta duba ta, ta ja Hure bayan rumbu.

"Hure, zuciya ce. Ki sanar da Malam tun da sauran lokaci."

Ashe Inna ta ji. Ta kira Hure, ta riƙe mata hannu gam.

"Ɗiyata, kada ki hwaɗa mishi."

"Inna, ɗanki ne! In ya ji daga baya, mi zan ce mishi?"

"Na san halinai. Yau ya ji, gobe shina cikin jirgi, jibi shina kurkuku. Kina so in cika ina ji ana dukan abin da na haihwa? Ki yi min alkawari."

"Inna..."

"Ki yi min!"

Ta yi.

Mahaifin Hure ya zo daga Bukkuyum ya ce ta haɗa kayanta, shi bai ba da 'yarsa don ta zauna gidan da gwamnati ta sa wa ido ba. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ka gahwarce ni. In na tahi, wa za ya juya Inna?" Ya tafi cikin fushi, ko ruwa bai sha ba.

Ranar da za a ɗauki kaset na amsa, Inna ta sa aka tashe ta zaune, aka jingina ta da bango. Hure ta danna rikoda. Tsohuwar ta tattaro ƙarfinta, ta yi dariya, ta ce gero ya yi kyau bana, ita lafiya lau, ya zauna inda yake har ƙura ta lafa. Sai ta yi wa Hure nuni.

Hure ta matso da bakinta. "Malam... muna lahiya. Inna ma... Inna lahiya lau take. Ina kewarka, rabin raina."

Tana kashe rikodar Inna ta sulale. Hure ta rungume ta tana kuka mara sauti.

Cikin damina Inna ta rasu, kanta a cinyar Hure. Aka aika saƙo, amma Dalhatu ya riga ya wuce Holand, saƙon bai iske shi ba. Ba a yi arba'in ba aka ji gwamnati ta faɗi, sababbin shugabanni suka soke dokar da ta rufe wa marubuta baki, aka saki waɗanda aka tsare.

Wata Laraba da la'asar motar Sakkwato ta sauke Dalhatu. Ya shigo da sallama, ya rame, bargo sabo a hammatarsa.

"Inna! Inna, ga ni! Hure, ina tsohuwata? Na kawo mata abin sanyi!"

Hure ta fito daga madafa. Ludayi ya faɗi daga hannunta. Ya dubi fuskarta, ya dubi ƙofar Inna a ja, ba takalmi a bakinta.

"Yaushe?" ya ce.

"Cikin Zulƙida."

"Ta daɗe tana ciwo?"

"Tun kahin azumi."

"Amma kaset... kin ce min lahiya lau take! Da bakinki, Hure! Na zagaya duniya ina kuka an rufe ma mutane baki, ashe cikin gidana anka ɓoye min gaskiya!"

"Ita ta sa na yi alkawari. Ta ce gara ta mutu ba ta gan ka ba, da ta gan ka da ankwa."

"Da kin bar ni na zaɓa da kaina!"

"Na sani, Malam. Kullum sai na ce ma kaina haka. In ka ce in tahi gidanmu, zan tahi."

Ya ajiye bargon. Ya fita, maƙwabta suka raka shi makabarta. Da ya dawo ya wuce ɗakin Inna, ya zauna a kan tabarmarta. Hure ta tsaya daga waje, har ya ɗago ya ga yadda ta ƙare, wuyanta duk ƙashi.

"Shigo," ya ce. "Ke kaɗai kinka yi jinyarta?"

"Ni da Felicia."

"Ta sha wuya?"

"Da sauƙi, daga ƙarshe. Ta yi kalmar shahada." Ta haɗiye kuka. "Kahin nan... ta kira sunanka."

Ya ɗago da sauri. Shi ne ɗan fari, tunda ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakin Inna ba.

"Sunana? Da bakinta?"

"Ta ce, 'Dalhatu, na yahe maka, Allah shi yi maka albarka.'"

Ya kifa kansa a kafaɗarta, ya fashe da kuka irin na yaro. Ta riƙe shi, hawayenta na sauka a bayan wuyansa.

"Sake hwaɗa min, Hurena," ya ce. "Yadda ta hwaɗe shi."