Matakalar da Aka Goge Ranar Laraba

Ƙarfe tara saura na safiyar Alhamis Sufeto Lorenz Maisch ya faka mota a ƙofar wani tsohon gidan haya mai hawa huɗu a Stuttgart. Da ɓacin rai ya zo. Tun jiya ake tsare da wani Emre Kaya a ofishin 'yan sanda, mai harhaɗa kaya a kamfanin sayar da kayan motsa jiki, kuma babu shaida a kansa sai bakin wanda aka yi wa satar. Kamfanin ya ce in sha biyu ta buga bai fito aiki ba, ya nemi wani.

A hawa na uku Timo Rapp ya buɗe ƙofa. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, kuma da ihu ya fara.

"Yuro dubu shida na zuba a ɗakin nan! Shekara biyu ko hutu ban je ba. Na tafi Hamburg kwana uku, na dawo an kwashe ni. Shi ya harhaɗa min kayan, shi ya san suna nan!"

Maisch ya wuce shi, ya shiga. Madubi ya rufe bango guda. Ga keken motsa jiki mai allo a tsaye, ko ƙura babu. Ƙarafunan ɗagawa ne kawai babu su. Katakon ƙasa duk ya lotsa.

"Keken nan nawa?"

"Dubu biyu."

"Ƙarafunan fa?"

"Dubu ɗaya da ɗari biyar. Kilo ɗari uku da ashirin ne."

"Wato ɓarawonka ya bar mai tsada ya ɗauki mai nauyi. Ina tabarmar robar da ake shimfiɗawa a ƙasa?"

"Ɗari uku suka ce. A kan roba! Ni mahaukaci ne?"

"Madubin fa?"

"Ɗari takwas."

Maisch ya dube shi har sai da ya kau da kai.

"Akwai wanda ya taɓa ƙorafi a gidan nan?"

"Ko mutum ɗaya."

Da zai fita ya tsaya. Ba a ɓalle ƙofar ba. A jikinta kuma an rataye ƙaramin allon makon shara, wanda ke zagayawa ƙofa zuwa ƙofa: duk wanda aka rataye wa, shi ke share matakala ya goge a makon. Ya leƙa matakala. Sai sheƙi take, ƙamshin sabulu bai gama tafiya ba.

"Makonka ne. Kai ka goge?"

"Yallaɓai, ƙarafuna aka sace min, kai kana maganar tsumma?"

A hawan ƙasa wata maƙwabciya, Frau Stoll, ta buɗe tun kafin ya ƙwanƙwasa.

"Wancan gardin? Wata goma sha ɗaya bai taɓa riƙe tsintsiya ba. Ƙwanji kamar bijimi, tsumma ya gagare shi."

"To wa ya goge?"

"Ban ga kowa ba."

"Ke, Frau Stoll? Da tagarki a kan ƙofar gida?"

"Na ce ban gani ba. Amma jiya Laraba baƙin zane ne a matakalar tun daga sama har ƙasa, kafin azahar babu ko ɗaya. Har kusurwa aka bi da buroshi. Mutum ɗaya ke irin wannan aikin a nan, tun lokacin..."

Ta kama bakinta. Ta rufe ƙofa.

Maisch ya duba agogo. Goma da kwata. Ya hau hawa na biyu, ɗakin da ke ƙarƙashin na Rapp.

Mai ɗakin shi ne Eugen Haug, tsohon magini, shekara saba'in da ɗaya. Ya ce bai ji komai ba, ba ya fita, ciwon baya ke damunsa. Duk maganar nan hannuwansa na cikin aljihu.

"Herr Haug, in ga hannunka."

Ya fito da su. Tafin duk bororo, wasu sun fashe.

Gadon asibiti ne a tsakiyar falo, wata tsohuwa na kwance a kai, da filasta a goshi. Idonta na bin su, bakinta ba ya motsi. Maisch ya wuce ya tura ƙofar ɗakin kwana. Silin ya tsage daga bango zuwa bango. A daidai inda filo zai kasance, wani yanki mai faɗin faranti ya faɗo.

"Ranar Lahadi ne," in ji tsohon daga bayansa. "Ya saki ƙarfe, dim! Matata Irmgard ko hannu ba ta iya ɗagawa ta kare fuskarta. Wasiƙa shida na rubuta masa. Uku ga mai gida. Na ce ya sayi robar, ni zan biya rabi. Ya ce in sayi audugar kunne. Shekara arba'in ina gini, Yallaɓai, na san katakon da ya kusa karyewa."

"Makulli fa?"

"Na wadda ta zauna can kafin shi. Ni nake ba furanninta ruwa."

"Ƙarafunan suna ina?"

"Ɗakin ajiyata a ƙasa. Na jera su, manya a ƙasa. Sawu talatin da ɗaya na yi. Masu nauyin gangaro su na yi, su suka ɓata matakalar." Ya ɗaga kafaɗa. "Sai in bar ta haka?"

Maisch ya matso kusa da shi.

"Ka san wani ya kwana a bayan kanta saboda kai? Mai 'ya'ya biyu?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Na sani. Sau biyu na sa takalmi zan zo ofishinku. Wa zan bar wa Irmgard?"

Maisch ya buga waya ofis, ya ce a saki Kaya yanzu, a kai shi wurin aikinsa da motar ofis. Ya sake bugawa ya nemi injiniyan gine-gine. Sannan ya kira Frau Stoll ta zauna da Irmgard. Ta hawo ba ta ko kalle shi ba.

Bai sa wa tsohon ankwa ba. Suna fitowa sai ga Rapp yana saukowa da gudu.

"Wannan tsohon? Wallahi in ya goge min fenti ko a guda ɗaya, sai ya biya!"

"Rufe min baki," in ji Maisch. "Wasiƙa shida, ka ce min ko mutum ɗaya. Akwai matar da ka fasa wa goshi a ciki. Ƙarfe biyu ina jiranka a ofis."

Haug ya tsaya, ya dubi ƙaton daga sama har ƙasa, sannan ya nuna matakalar da haɓa.

"Har yanzu makonka ne. Na yi maka sau ɗaya. Bokiti na bayan ƙofa."

Ya kama ƙarfen matakala da hannunsa mai ciwo, ya fara sauka.