Ƙyauren da Ya Zama Jita

Ranar Juma'a da hantsi mutum biyu suka shigo caji ofis na Funtua, ɗaya yana huci, ɗaya yana salati. Sufeto Maitama ne a kan tebur. Tsohon hannu ne, shekara talatin da uku a kaki, da harsashi a cinya tun wani artabu a dajin Dandume. Irinsu ba a yi musu ƙarya a tafi lafiya, sai dai yaran yanzu ba su san haka ba.

Mai hucin shi ne Isaiah, makaɗin bes a wata majami'a, wato jitar lantarkin nan mai kaurin murya. Mai salatin kuwa Malam Bature ne, kafintan da ya bar kujeru ya koma ƙera jita da hannu, har daga Kaduna ake kawo masa aiki.

"Yallaɓai, an fasa mini shago," in ji Bature. "An ɗauke jitarsa, yau da zai karɓa."

"Ba jita aka ɗauka ba, ubana aka ɗauka," in ji Isaiah. "Da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyenmu bayan Mahuta, ƙyauren gidanmu kaɗai ya tsira. Madaci ne, Baba ya sassaƙa da hannunsa. Shi na ɗauko a ka na kawo. Wata goma sha ɗaya ina jira."

Aka rubuta bayani. Isaiah ya karɓi biro da hagu ya sa hannu, har ya yage takardar don fushi.

A shagon, Sufeto ya tarar da kwaɗo a karye a ƙasa. Janareta na nan. Injin goge katako na nan, ga jita uku na mutane a rataye, ko ƙura ba a kaɗe musu ba.

"Wannan ɓarawo mai tsoron Allah ne," in ji Sufeto. "Ya bar janareta."

"Ai ya san abin da ya zo nema," in ji Bature. "Saviour ne, Yallaɓai, abokin kiɗansa. Hassada ce. Shekaranjiya ya zo yana ta leƙe-leƙe."

"Ka faɗa wa wani wannan magana?"

"Na faɗa wa samarin cocinsu da safe."

Sufeto ya dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. "Kafin ka zo wurina ka yanke hukunci ke nan."

Abin da ya ji tsoro kuwa ya riga ya faru. A asibiti ya sami Saviour, leɓe a kumbure, yatsu biyu na hannun hagu a ɗaure. Samari sun tare shi a bakin tasha da sanduna.

"Oga, da waɗannan yatsun nake danna tsirkiya," in ji Saviour. "Likita ya ce wataƙila ɗaya ba zai lanƙwasu ba. A kan me?"

"Ka je shagon?"

"Ban je ba."

"Mai shayin gefen ya gan ka. Kar ka ƙara mini ƙarya, raina a ɓace yake."

Saviour ya ce, "Na je. Malam Bature ya fita salla, na gan ta a ƙarƙashin bargo na ɗauka na taɓa. Minti biyar. Wallahi ban taɓa riƙe irinta ba, ta zauna mini kamar ni aka auna. Da ya dawo ya fizge, ya kore ni kamar kare."

"Ta zauna maka?"

"Daram."

"Kai bahago ne?"

"Ni? A'a."

Sufeto ya miƙe. Ya fito ya sa aka kira Isaiah, suka tsaya a inuwar bango.

"Na-dama zai iya kaɗa jitar bahago?"

"Ina fa. Komai a juye yake, inda cinya ke shiga, inda maɓallai suke, har jeren tsirkiya. Shi ya sa na ba da a ƙera mini, don duk kasuwar Kano ban samu ba."

"Ka taɓa ganinta da idonka?"

"Tun da ya yanke katakon ya hana ni shiga. Wai shi ba a kallon aikinsa sai ya nuna. Hoto kawai ya turo."

Ya miƙa waya. Ga Bature yana murmushi, rungume da jita mai ja-ja kamar zuma, wuyanta ya nufi inda na bahago ke nufa. Sufeto ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe a kan fuskar. Sannan ya tari mai Napep, shi da Isaiah da wani kofur suka koma shagon.

Bature na shara suka iso.

"Malam Bature, billen nan naka a wane kumatu yake?"

Bature ya shafa. "Hagu, Yallaɓai. Tun ina jariri."

"To a hoton nan ya yi hijira zuwa dama. Ka juya hoto don ka ɓoye abin da ka juya a katako. Ina jitar?"

"Yallaɓai, ni fa shekara ashirin ina..."

Sufeto ya daki teburin aikin har ƙusoshi suka yi tsalle. "Akwai mutum a asibiti da yatsu a karye saboda bakinka. Ina take?"

Bature ya zame ya zauna a kan buhun diddigar katako. Da kyar maganar ta fito. Yana da wani kwali da yake ɗorawa ya zana siffar jita, kullum fuska ɗaya yake kwantar da shi. Ranar da zai yanka ƙyauren ya manta jitar ta bahago ce, bai kife shi ba. Sai da ya huda ramuka ya gane, kuma ƙyaure ɗaya ne a duniya.

"Na rasa bakin faɗa. A ce Bature ya yi kuskuren ɗan koyo? Da Saviour ya kaɗa ta na san zai yi magana, shi ne na karya kwaɗon na riga shi."

Jitar tana gidansa, ƙarƙashin gado, naɗe da sabon zanen matarsa. Kofur ya ɗauko. Isaiah ya karɓa, ya shafa wani baƙin tabo da wuta ta bari a gefe. Ya rataya ta a hagu. Babbar tsirkiya ta koma ƙasa, maɓallai suka tokare masa dantse.

"Wata takwas tun da ka yanka katakon kana kallona kana cewa saura kaɗan," ya ce a hankali. "Da ka faɗa mini, da na zage ka kwana biyu, na koma na koyi kaɗa ta a haka. Ƙyauren gidanmu ne, ko a juye zan shiga. Amma ka sa na tsaya a tasha ina kallo ana dukan Saviour, ban ce uffan ba. Wannan wa zai sassaƙa mini?"

"Sunayen samarin nan nake so kafin la'asar," in ji Sufeto. "Kai ma za ka zauna ka yi bayani. Jitar kuma shaida ce, sai alƙali ya gani."

Ya karɓe ta daga hannun Isaiah. Kofur ya buga wa Bature ankwa, 'yan kasuwa suka yi cirko-cirko ana tura shi cikin Napep. Har ya zauna, sai ya leƙo da kai.

"Yallaɓai, don Allah kar a jingina ta a rana, wuyan zai tanƙware. Aikin hannu ne, ba na kanti ba."

"Yanzu ka san ciwon abin da zai tanƙware," in ji Sufeto. "Direba, ja mu je."