Ƙwanƙwasa Daga Ƙarƙashin Ruwa

Bayan isha'i Lahouari da wansa Kaddour suka jefa koma a mashigin Mers el-Kebir, daidai inda jirgin yaƙin Faransa ya nutse da mutanensa tun zamanin kakanninsu. Teku ta yi lamo, sai warin baƙin mai ke tasowa.

Can aka ƙwanƙwasa ƙasan kwalekwalen, ƙarar ƙarfe kan ƙarfe, alhali kwalekwalen nasu na katako ne. Tsikar jikin Lahouari ta tashi.

"Yaya, mu naɗe mu tafi."

"Kififfiya ce, sarkin tsoro!" Kaddour ya yi dariya, ya rama bugun da dunduniya.

Aka yi tsit. Sannan wata siririyar murya ta ratso katakon da Faransanci, tana haki: "Kun iso? Ku buɗe mana. Iskar ta kusa ƙarewa."