Lauratu da Ƙarfen Cikin Kwamfuta

Lauratu yarinya ce mai shegen son sani. Ko rediyo ta gani, sai ta leƙa bayansa ta ga inda masu maganar suke zaune.

Babanta hedimasta ne a wata firamare a Dutse. Da damina ta kama, ofishinsa ya fara yoyo, sai ya kawo kwamfutar makaranta gida. A cikinta ya rubuta sunayen ɗaliban da za su zana jarrabawar shiga sakandare. Ranar Litinin za a miƙa su.

Kwamfutar nan kuwa akwai nawa! Kafin ta buɗe, an gama dama kunu.

Ranar Alhamis Choji mai gyara ya zo duba ta. Ya buɗe gefenta, Lauratu tana tsaye a kansa.

"Oga Choji, ba za ta iya sauri ba?"

"Za ta iya," in ji shi. "Ana ƙara wa ƙwaƙwalwarta gudu, amma sai ta samu sanyi sosai." Ya nuna mata wurin da yatsa, ya bar gefen a buɗe don ta sha iska.

Maganar nan ta zauna wa Lauratu a rai.

Ranar Asabar Baba ya tafi Jahun ta'aziyya. Ana kawo wuta, ta kunna kwamfutar ta leƙa. A kan ƙwaƙwalwar akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, da 'yar fanka a samansa. Ta taɓa shi. Wayyo, zafi!

"Ashe kai ne mugun!" in ji ta. "Inna ma in tana son kunu ya huce, ai faifai take ɗagewa."

Ta kashe kwamfutar, ta ɗauko cokali ta ɓamɓare ƙarfen. Ta goge wani abu mai danƙo da ta gani da bakin zani. Sannan ta kunna, tana fifita da mafici.

Ko minti ɗaya ba a yi ba, allon ya yi baƙi ƙirin.

"Ke Lauratu, me ke ƙauri?" Inna ta kwaɗa kira daga madafa.

Lauratu ta so ta mayar da ƙarfen ta yi shiru, amma zuciyarta ta ƙi. Da Baba ya dawo, ta durƙusa ta faɗa masa komai.

Baba ya dubi kwamfutar.

"Yara sittin da biyu ne a ciki, Lauratu," ya ce. "Har da ke."

Ta fashe da kuka. Aka aika a kira Choji, ya zo a kan acaɓa. Ya duba, ya girgiza kai.

"Ƙwaƙwalwar ta ƙone. Me ya sa kika cire ƙarfen?"

"Na ji shi da zafi ne. Na zaci murfi ne."

"In kin bar cokali a cikin shayi, me yake yi?"

"Yana ɗaukar zafi."

"Yawwa! Aikin ƙarfen ke nan. Yana zuƙe zafin, fanka ta kore shi. Mai taimako kika kora."

"To sunayen fa?" Baba ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, a wani wuri dabam suke zama."

Choji ya ciro tsohuwar ƙwaƙwalwa daga jakarsa ya sa. Ya bar Lauratu ta shafa sabon mai danƙo irin wanda ta goge da hannunta, ya ɗora ƙarfen. Aka kunna. Aka jira, aka yi ta jira, don yanzu nawarta ta fi ta da.

Can sai ga sunaye sun fito reras!

"Alhamdu lillahi!" in ji Baba. "Karanto su duka, mu ji."

Ta karanta ɗaya bayan ɗaya. Har nata yana nan.

Baba ya dafa kanta. "Son sani ba laifi ba ne, 'yata. Amma ki riƙa tambaya kafin ki taɓa. Matambayi ba ya ɓata."

Lauratu ta share hawaye, ta ɓoye hannuwanta a baya.

"Oga Choji, wancan ɗan koren fa, mene ne aikinsa?"