Laka a Bakin Bututu

Gab da magariba Shatu ta ɗauki bokiti ta nufi ɗakin iri, don ta zubar da ruwan da esi, injin sanyaya ɗaki, ke ɗigarwa. Aikinta ke nan tun da ɗanta Haliru ya tafi Shagari haɗa wa mutane sola.

Ɗakin nan da can na ajiyar albasa ne, a gidansu na Dingyaɗi. Haliru ya sayar da babur ɗinsa, ya liƙe tagogi, ya rataye ƙwayayen lantarki, ya jera farantan roba cike da irin tumatir da tattasai, wai ya rene su cikin bazara ya sayar wa masu lambu dashe kafin kowa. A tsakiya ya kafa esi mai taya. Ta gaba tana hura sanyi, ta baya tana amayo zafi cikin wani bututu mai kaurin cinya, wanda ya huda bango ƙasa-ƙasa ya fitar da shi lungun bayan ɗaki.

"Inna, abu guda," ya ce ranar tafiya. "Kada bututun ga shi toshe. In yat toshe, zahin ciki za shi komawa, iri shi dahu."

Tana tura ƙofa, zafi ya mare ta. Ɗakin sai warin ganye mai laushi, esi na ta gurnani. Ta zagaya lungu da sauri. Laka ce kuma, ɗanya, an cusa ta har wuya. Ba yau farau ba.

Wa ke da laka ɗanya a wannan bazara? Shatu ta dubi katangar Tani, maƙwabciyarta. Tani ce ta ce ƙarar injin na hana ta barcin rana. Mijin Tani kuma lambu gare shi, shi ma dashe yake sayarwa.

Ta ƙwaƙule lakar, ta ɗaga murya kaɗan. "Tani, kina ciki?"

"Ina ciki. Lahiya?"

"Lahiya lau. Ina dai mamakin masu hannu da laka."

Tani ta ce, "Ni ma mamakin nikai, wallahi."

Shatu ba ta yarda da amsar nan ba. Kashegari, tun rana na ja-ja, ta laɓe bayan tsohon rumbun da ke bakin lungun. Yau sai ta kama ta da hannu.

Kaji sunka shige akurki. Ladan ya gyara murya. Daga bututun iska mai zafi na fita, fuuu, tana kaɗa busasshiyar ciyawa.

Sai ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya. Ko gajimare babu a sama.

Ta leƙa. Ga mace tsugune, ta ba ta baya, da goyo. Tana zura hannu cikin tsagar gindin bango, tana zaro laka tana cusawa. Tsagar ko yatsa ba ta ci, amma hannun har gwiwa yake shiga.

"Tani," Shatu ta ce, "na gane ki."

A daidai lokacin, can ƙetaren katanga, muryar Tani ta tashi tana korar akuya daga madafa.

Shatu ta sake duban matar.

Matar ba ta juyo ba. Goyon ne ya motsa. Zane ya zame, bayan jaririn ya bayyana, duk ya yi bororo, fata na saɓulewa. Wari ya taso kamar na gashin da ya ƙone.

"Shatu." Muryar ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu. "Uwarki ta koya miki. Ko ruwan zahi za ki zubarwa, ki yi bisimilla mu kauce."

Shatu ta ja da baya.

"Wanga hwa? Dare da rana. Bisa shimhiɗar ɗiyana."

Gaskiya ne. Ran da anka kunna injin, murna kawai sunka yi. Ba wanda ya tuna da bisimilla.

Hannu ya miƙo. Matar tana inda take, hannun ne ya yi ta zuwa. Ya kama wuyan hannun Shatu, sanyi ƙalau, ya ja ta har bakin bututu. Ɗayan hannun ya zare lakar.

"Ji."

Zafi ya ci tafinta.

"Ji abin da yaka ji."

Ladan ya kai ga shahada. Da ƙyar harshenta ya warware ta bi shi. Riƙon ya ɗan saki. Ta fizge, ta faɗi, ta rarrafa, ta tashi. Ba ta waiga ba sai cikin ɗakin iri.

Esi na hura sanyi, ganye sun fara ɗagowa. In ta kashe, wahalar Haliru ta tafi. Ta bayan bango jaririn ya soma kuka, siriri.

Ta cire wayar injin.

Kukan ya tsaya tare da injin.

Ta buɗe ƙofa, ta jiƙa buhunan albasa ta rataye, tana fifita da hannu guda. Kafin Haliru ya iso washegari, tumatir duk ya kwanta. Tattasai ne ya tsira. Bai yi gardama ba da ya ga tafin uwarsa. Ya huda kwanon rufi ya miƙa bututun sama, ya yi bisimilla da ƙarfi kafin ya kunna. Ba a sake ganin laka ba.

Da hannun ya ɗan warke, Shatu ta shiga gidan Tani neman gafara.

"Na zarge ki, 'yar uwa. Ki yahe mini."

Tani ta ja 'yar kujerarta baya.

"Ni kau tsoron ki nika ji," ta ce. "Kullum magariba ina leƙe ta katanga. Ke nika gani tsugune kina cusa lakar ga."